Hawa na Uku, Nerima

Ƙarfe biyun dare.
Tsohuwa Kuwabara na feƙe fensir;
a takarda ta arba'in da bakwai
dilanta ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Kusa da taga, Shunpei
ya ƙera jirgin ƙasa a kwamfuta,
sumul, ba tabo,
yana juya shi da ɗan yatsa.

Da suka sa dilan a tarago
sai ya tsaya tsuru kamar baƙo.
"Jirginka ya cika tsabta," in ji ta.
Bai tanka ba. Ya karkace layin ƙofa,
ya barbaɗa ƙurar fensir a gilashi.

Ran Asabar, jikarta gaban talabijin
ba ta tambayi wa ya zana me ba.
"Kaka, dilan nan sanyi yake ji."