Kusurwa

A Akoka, bayan an ɗauke wuta,
Dakta Ilu ya zana raga da guntun alli.
Ya ce, a ja ta kamar danƙo,
girma ya ɓace, tsawo ya yi ƙarya,
kusurwa dai na nan daram.

Danfo ya cika a Yaba.
Gwiwata a haƙarƙarin wani,
ina bitar dokarsa ta biyu:
dama sannan hagu
ba hagu sannan dama ba ce.
Ragowar da ke tsakani,
lamba ce, ba ta gusawa.

Kan doguwar gada waya ta yi ƙara.
Inna ce, daga Agege.
"Shekara huɗu, Lantana, me kike nema?"
Na ce, abin da ja ba ya canjawa.

Ta yi shiru.
Ta ce, "Taho mini da manja."