Kada A Taɓa

Aikina kalma uku ne: kada a taɓa.
Wata biyu ina maimaita su a zaure na huɗu,
a gidan baje kolin fasaha mai kallon tashar jiragen Busan,
har suka zauna mini a maƙogwaro kamar tsohon tari.

Bana wata 'yar Seoul ce ta cika zauren.
Ta bi Yeongdo gida-gida tana sayen tsofaffin taru,
waɗanda gishiri ya ci, rana ta ƙarasa,
ta rataye su daga rufi, saba'in da ɗaya,
ta kunna shuɗiyar fitila daga ƙasa,
duk wanda ya shigo sai ya koma kifi.
Ɗalibai su ɗaga waya, su ɗauka, su wuce.
Masu tabarau su karanta allon bango, su gyaɗa kai,
wai teku ce ke ba da labarin mantuwa.
Ni dai ƙafafuna ke ciwo.

Ran Laraba, ana yayyafi,
sai ga tsohuwa da lema mai karyayyen haƙarƙari,
ƙarnin kasuwar kifi bai saki rigarta ba.
Jikanta ya yanka mata tikiti, ya tsaya waje.
Ba ta dubi allo ba.
Ta bi tarun ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman ɗanta a cikin 'yan makaranta.
A na talatin da tara ta tsaya cak.

Hannunta ya tashi.
Kalmomina uku suka taso su ma.

Ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:
"Bahago ne. Dubi ƙullin, da baya yake komawa.
Duk Yeongdo ba mai ƙulli haka sai Du-cheol.
Koren zaren nan kuwa,
daga rigar sanyina na warware shi
shekarar da kuɗin igiya ya gagara."

Da sabon taru ya fita, in ji ta, wata asuba.
Teku ba ta maido sabon ba, ba ta maido mai shi ba.
Tsohon ya kwana a bayan ɗaki shekara ashirin da shida,
ta sayar da shi kuɗin taliya kwano biyu.
Na saci kallon 'yar takardar da ke ƙasansa:
Mai saƙa: ba a sani ba.

An ce gani ya kori ji.
Ba a gaya mini abin da ke korar gani ba.

Na juya wajen taga.
Na ƙirga jiragen dakon kaya: tara,
na sake ƙirgawa, don ko na yi kuskure.
A gilashin ina ganin yatsunta,
kumburarru, masu sauri,
sun sami wata ido da ta kwance,
sun kama, sun juya da baya, sun ja.

Da za ta fita ta ba ni alewar citta,
ta ce in riƙa zama, tsayuwa na cin gwiwa.
Ban tambayi sunanta ba.

Da yamma shugabar zaure ta zaga da takardarta,
ta duba, ta sa hannu: komai yadda yake.
Na kashe shuɗiyar fitila.
Taru saba'in da ɗaya a duhu,
ƙulli dubu nawa, oho,
ɗaya dai na yau ne.