Fitar da Iska

Likitar dabbobi ta kawo shi da hantsi,
babur mai ƙafa huɗu, laka har wuya.
Ta ce, "Barau, jiya a gangaren Daberam
na damƙe birki, sai na ji kamar soso na matsa.
Ba don wata geza ta tare ni ba
da ni da akwatin allurai muna cikin ruwa.
Gobe da asuba shanun Sandamu na jirana."

Na ɗaga shi a jak, na kwance taya,
na bubbugi diram da ƙotar guduma har ya saki.
Ƙura ta zubo baƙa wuluk kamar kwalli.
Takalman ba su cinye ba, da sauran nama,
na goge musu fuska da samfefa,
na wanke sifirin a gwangwanin madara,
na mayar da kowa ɗakinsa.
Na zura sukudireba ta 'yar taga
ina tura haƙoran adjasta ɗaya bayan ɗaya
har taya ta cije, ta ƙi motsi,
sannan na ja da baya haƙori uku.
Ta juya tana ɗan shafa, shuu, shuu,
kamar mai shara a ɗakin da jinjiri ke barci.

Wannan duk aikin mutum ɗaya ne.
Fitar da iska kuwa sai biyu.

Yaran shago sun tafi ɗaurin aure Mai'aduwa.
Na dubi titi. Can tsallake, gindin dalbejiya,
Sallau ƙanena na facin taya.
Shekara biyu da wata huɗu
rabon da bakina ya kira sunansa,
tun ranar da aka raba kayan aikin Baba
muka ja-in-ja a kan tsohuwar kwamfiresa,
na faɗi abin da ba ya komawa ciki.
Shi abincinsa sa iska,
ni kuma yau cire ta ya gagare ni.

Na cika kofi da sabon mai,
na sa tiyo a nono, na tsoma bakinsa a kwalba,
na tsuguna riƙe da sifana lamba takwas
kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya zo ɗauka.

Ban kira ba.
Inuwa ce ta faɗo a kan diram.
Ya goge hannu a wando, ya hau, ya kama birki.

"Matsa."
Ya matsa sau uku.
"Riƙe."
Ya riƙe.
Na buɗe kaɗan. Mai ya fito
launin shayin da ya kwana a buta,
kumfa na bin kumfa cikin tiyo
kamar 'yan tsaki a bayan uwa.
Na rufe.
"Saki."

Baba kan ce, kada ka saki kafin a rufe,
abin da ya fita zai koma.
Yakan ce iska ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero
amma ita ke kifar da mai kaya.

Matsa. Riƙe. Saki.
Na ƙara mai kada kofi ya ƙafe.
Muka gama dama, muka koma hagu.
Kalma uku ce tsakaninmu,
muka yi ta juya su har azahar ta gota,
har mai ya zo garau kamar man gyaɗa,
babu ɗigon kumfa.

Ya damƙa. Ƙarfen ya tsaya a rabin hanya.
Ya ce, "Ya yi tauri."
Na ce, "Ya yi."

Ya sauko, ya zagaya, ya shuri tayar baya,
ya kara kunne.
"Wannan tana sacewa.
Turo shi tsallake in duba."

Na ajiye sifana.
Na kama ƙaho, shi ya kama baya,
muka jira wata tirela ta wuce.