Fitila Uku a Bokiti

Ɗayyabu mai tireda ya dafa ƙirji:
"Wannan ko a kogi ka jefa ta,
kifi ne zai ga hanya."
Na ce, Ɗayyabu, kwali ba ya shiga rijiya,
ni ke shiga.

Na karɓo uku, bashi, zuwa wata kasuwar:
ja, baƙa, da wata ruwan toka mai kan kwaɗo.
Daga Mai'aduwa har gida
suna karo da juna a aljihuna.

Bayan isha'i na cika bokiti,
na kunna su duka, na nutsar.
Tasalla ta leƙo ta labule:
"Yau kuma taurari ake jiƙawa?"
Na ce, je ki kwanta.

Ja ta fi kowa baki.
Daga cikin ruwa ta haske katanga,
ta ruɗi zakara ya yi cara ba lokaci.
Kafin in cinye ɓarin goro
gumi ya kwanta a cikin gilashinta,
ta ƙifta, ta ƙifta,
ta yi shiru.

Baƙa ta kai tsakar dare.
Na tsamo ta, na ɗaura a goshi,
na sunkuya yadda nake sunkuyawa da magirbi,
sai ga ta a kan hancina.
Makunninta kuma kamar ƙwayar gero.
Wane yatsa mai laka zai lalubo shi
a gaba goma sha takwas?

Mai kan kwaɗo ba ta da fankama.
Haskenta kamar kunun da aka sirka,
iyakarsa inda hannu ke kaiwa.
Ladan ya kira assalatu tana ci.
Na buɗe cikinta, batir a bushe.
Na ce, ke ce.

Amma akwai abin da bokiti bai sani ba.

Barau, wanda ya koya mini sana'a,
da aci-balbal yake gaisawa da rijiya.
Ya zura ta da igiya, mu yi tsit.
In harshenta ya kwanta ya mutu,
sai ya naɗe tabarmarsa:
"Yau ƙasa ba ta son baƙo."
Fitilar da ke mutuwa ita ta raya mu.

Wannan ta goshi ba ta shaƙar iska.
Ko numfashina ya ƙare a can ƙasa
za ta ci gaba da haskawa,
na sama su ce, ai yana aiki.

Da hantsi, a rijiyar Sandamu,
na fara zura tsohuwar.
Ta sauka, ta daɗe, ta dawo da ranta.
Sannan na ɗaura sabuwar, na yi bisimilla.

Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce,
sanyi ya kama gwiwa.
Sama ta koma kamar faifai.
Ruwa na ɗiga a kan gilashi, ko gezau.
Na ga guga biyu da suka ɓata tun bara,
da ludayi, da takalmin yaro, ƙafar hagu.

Ran kasuwa na ajiye wa Ɗayyabu biyu.
Ya girgiza jar, ruwa ya yi ƙara a ciki.
Ya ce, "Wa ya ce ka jiƙa?"