Tuta Ba Ta Taɓa Ƙasa

Saje Davou ya dube ni tun daga takalmi har ɗankwali.
"Ke bahaguwa ce?" Na ce e.
"Gorar nan ta ɗara ki da kamu uku."
'Yan layin baya suka kwashe da dariya,
har da Tasi'u mai ganga, da kullum kiɗansa ke riga ƙafarmu.
Ni dai ban janye hannuna ba,
har ya gaji, ya danƙa mini tuta.

Ba ta ƙasa ba tukuna, wannan sai 'yan aji shida.
Shuɗiya ce, ta sha wanki har ta koɗe,
da faci a gefe, zarensa bai yi kama da jikinta ba.
Na ɗauka ƙyalle ne a bakin sanda.
Ashe in iskar Jos ta sauko daga duwatsun Shere
nan take kama haya,
ta ja ni gabas, ni da na nufi ƙofar makaranta.

Hagu! Dama! Hagu!
Tun ina ƙarama ake ƙwace cokali daga haguna,
yau ga filin da hagu ke fara taku.
Na yi murna. Murnar kwana biyu ce:
riƙon gora na dama ne, in ji Saje,
kanta ta fito mini a tafin da bai san aiki ba,
ta fashe, ta sake fitowa a kan 'yar'uwarta.

A gida, can Gangare,
na zare gorar shanya ina juyi a tsakar gida.
Ƙwan lantarki ya tafi. Butar Baba ta bi shi.
Inna ta dawo daga Farin Gada da ƙasar dankali a zaninta,
ta ce kuɗin ƙwan daga na karin kumallona zai fita.

Kaka ce ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, "Barira, zo nan. Wa ya ce miki da hannu ake ɗaukar kaya?
Shekara tara na yi da kwanon kuza a Bukur,
ba ganga, ba mai tafa mana.
Ƙugu ke ɗauka. Hannu rakiya ya zo."
Ta danna mini yatsa a gadon baya,
na miƙe, tamkar an zura mini ƙarfe daga wuya har ƙafata.

Doka ɗaya Saje ke maimaitawa, ko gaisuwa bai amsa ba:
ki faɗi, ki karye, ki suma in kin so,
amma ita ba ta taɓa ƙasa.
Mako bakwai ina ji, har a barci ban manta.

Ranar Yara, a filin Polo, hadari ya haɗo tun hantsi.
Farar safar hannu aro ce, ta yi mini yawa.
Muna daf da rumfar manya ruwa ya tsuge,
har da ƙanƙara, ƙanana kamar gero, suna cizon kunne.
Gangar Tasi'u ta jiƙe, ta koma tari.
Ƙyallen ya sha ruwa, ya yi nauyin yaron goye,
gora ta fara sulɓewa cikin safar,
na ga bakin tutar yana sunkuyawa zai gaida taɓo.
Sai na ji gwiwar hannun Nanret a ƙarƙashin tawa.
Ba ta waiwayo ba. Idonta na kan rumfa, kamar yadda aka koya mana.
Taku goma sha ɗaya muka yi a haka,
nauyin rabi nawa, rabi nata.

Na huɗu muka zo. Ba kofi, ba hoto.
Saje ya karɓi gorar, ya shafa gefen facin,
ya duba yatsunsa: ruwa ne zalla, ba laka.
Bai ce komai ba.
Ya sayo mana dafaffiyar masara guda,
Nanret ta karya, haƙoranta na kaɗawa,
na karɓa da hagu, ba wanda ya ce in sauya,
damata na rawa a aljihu, tana hutawa abinta.