Rijiya Ta Tara

Takarda ta ce goma sha biyu.
Ƙafata ta ce bakwai,
sai ta takwas da ta mutu tun tana jaririya,
bakinta cike da yashi da kashin awaki.

Na bar Tawa da asuba a bayan kabu-kabu,
littafi a jaka, da igiya gaba arba'in
mai dutse ɗaure a baki.
Ba wanda ya aike ni,
ba kuma wanda ke jiran in faɗi abin da kunnensa ke so.
In igiya ta dawo a jiƙe, in rubuta.
In ta dawo a bushe, in rubuta.

Kafin nan na sha zaman benci.
Arzika mai gadi ya ce mabuɗi na hannun sakatare,
sakatare ya tafi ta'aziyya Illela,
mataimakinsa ya ce in dawo Laraba.
Laraba goma sha ɗaya na dawo.
Da suka gaji da ganin goshina
suka buɗe mini ɗakin da gara ta riga ni karatu.
Ta cinye shekara biyu sukutum,
amma ta rage mini rasit guda da hatiminsa,
kamar ita ma tana son a sani.

Ta tara, in ji takarda:
zurfi gaba talatin, siminti, kwarkwaro, kwamin dabbobi,
an gama, an duba, an karɓa, an biya.

Inna Tabizo ta ja ni gindin aduwa,
ta nuna da sandarta:
Ga ta nan, ƴata.
Allon ƙarfe ne a tsaye, rana ta lashe rubutunsa.
Nan aka yanka rago, ta ce, nan muka yi guɗa.
Wani mai babbar riga ya sari ƙasa sau uku,
aka ɗauki hoto, motoci suka juya.
Shekara takwas ke nan.
Jakinmu ya san hanyar fadama fiye da limaminmu.

Na saki dutse duk da haka,
don kada a ce ban gwada ba.
Ya faɗi a kan ƙafata.

Da dare na shimfiɗa takardun a tabarma,
ina bin sa hannu ɗaya bayan ɗaya,
har na zo kan na huɗu.
Na san wannan lanƙwasa.
Ita ce a ƙasan sakamakona na lakwal,
shekara shida, kowane wata uku.

Na same shi a zaure, a Garkawa,
rediyo a kunne, ido ya yi hazo.
Na karanta masa, ban tsallake komi ba.
Ya daɗe yana murza carbi.

Ban je ba, ya ce.
Mota ba mai. Aka kawo takarda dab da tashi,
uku sun riga sun sa hannu,
na ce ai sun gani.
Su ma, ashe, cewa suka yi zan gani.
Ban ci ko dala ba.

Na sani, Baba. Na bi kuɗin, ba su biyo ta gidanmu ba.
Amma ƙishirwa ta bi ta alƙalaminka.

Na jira ya ce in rufa asiri.
Tuwo ya huce tsakaninmu.
Can ya ce: Nomau ne, ba Namau ba.
Kullum sai sun ɓata shi.
Ke ki rubuta daidai.

Shafi sittin da uku na kai musu,
kowace magana da shaidarta a goye.
Aka buga hatimi, aka ba ni lamba,
aka ce in dawo Laraba.

Zan dawo.
Igiyata na rataye a ƙusa, ba ta jiƙe ba tukuna,
kuma akwai ta goma,
da biyun da ke bayanta.