Shafi na Arba'in da Ɗaya

A Gdynia, hawa na huɗu, benen da lif ɗinsa ya mutu tun bara,
Pan Bogumil ya buɗe ƙofa, silifa ɗaya a ƙafa.
"Ta sake sandarewa, Jagoda. Zo ki gani."

Tana kan teburin kicin, tsakanin gwangwanin shayi
da farantin kifin da bai taɓa ba.
Shekararta goma sha uku.
Fankarta na haki kamar ita ta hawo benen da buhu a ka,
kibiya ta kafe a tsakiyar allo, ba gaba ba baya,
wani ɗan zobe na juyawa, yana bin wutsiyarsa.

Na danne maɓallai uku, na jira.
Shayina ya huce kafin jerin ayyuka ya buɗe.
Ɗari bisa ɗari.
Ƙwaƙwalwa na gudun ceton rai, ko taku ɗaya ba ta ci ba.

Na fara da jiki.
Sukurori shida na kwance, na bakwai ya gangara ƙarƙashin firij,
yana can har yau.
A bakin fanka ƙura ta saƙa bargo
da gashin kyanwar da aka binne shekara biyu.
Ya karɓa a tafin hannu. "Pestka ce," ya ce,
ya rasa inda zai ajiye, ya sa a aljihu.

Man sanyaya ya bushe, ya tsattsage kamar kaushi.
Na goge, na ɗiga sabo, daidai ƙwayar shinkafa.
Zafi ya sauka. Lamba ta ƙi.

To, sai ciki.
Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya,
kowa na caje aljihun ɗan'uwansa da sunan farautar cuta.
Na sallami ɗaya. Tamanin da bakwai.
Ga 'yan cin arziki maƙale a burauza,
bai san ranar da ya gayyace su ba:
mai tallan rangwamen takalma,
mai hasashen ruwan sama a garin da bai taɓa takawa ba.
Na kora su. Saba'in da ɗaya.

Shafuka kuwa, a jere, sun matse har sunayensu sun ɓace.
Kuɗin wuta. Lokutan bas. Miyar kabeji iri uku.
Ta'aziyyar wani abokin aiki a tashar jirage.
Ina rufewa, yana gyaɗa kai.
Sittin. Hamsin da biyar.
Nan ta cije.

Ɓarawon na can ƙarshe, shafi na arba'in da ɗaya:
taswirar tekunan duniya, ɗigo dubu dubu suna rarrafe,
kowane ɗigo jirgi ne,
tsohuwar na ƙirga su kaf, ta gama, ta koma farko.
Na kai kibiya kan alamar rufewa.

Ya riƙe min wuyan hannu.
Bai matse ba. Ya dai riƙe.
"Koren can, kudu da Sri Lanka.
Kinga na ciki, a ɗakin inji. Wata biyar ke nan.
Ba ta son waya."

Na janye hannu.
Na shiga saiti, na kashe tankoki, na kashe na kamun kifi,
na kashe na yawon shaƙatawa da na yashe tashoshi,
na ce taswira ta riƙa numfashi sau ɗaya a minti goma.
Goma sha tara.
Fanka ta yi shiru, har muka ji firij na gurnani,
muka ji tsuntsayen teku na rigima kan rufin maƙwabta.

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.
Shuɗi ko'ina, ɗigo ɗaya tal.
"Ruwan ya yi mata yawa haka," ya ce.
"Mayar mata da ko 'yan kaɗan."

Na mayar da na kusa da ita, jirage tara.
Ashirin da shida.
Fanka ta ɗan motsa, can ƙasa-ƙasa.
Ya biya ni da kwalbar kokwamba mai tsami,
na sauko hawa huɗu ina rungume da ita.